Nema da Amana: Tunanin Ɗan Kasuwa a Tarihin Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

An fi rubuta tarihin kasuwancin arewacin Nijeriya ta fuskar kaya da hanyoyi, wato goro daga Gwanja, gishiri daga Bilma, gyaɗa zuwa Ikko. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne mutumin da ya ɗauki kayan: me ya tashe shi daga gida, me ya riƙa a matsayin jari ranar da ya fara, kuma wane matsayi yake fatan kaiwa kafin ya ce ya samu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba waɗannan tambayoyi ta hanyar bin tarihin garuruwa biyu na arewacin Jihar Yobe, wato Nguru da Gashuwa, tare da Katuzu, tsohon mazaunin Badawa wanda a yanzu ya zama unguwa a cikin Gashuwa.

Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, a nan ne harsunan Kanuri da Bade da Hausa suka haɗu a kasuwa guda, a nan ne layin dogo ya tsaya a 1930, kuma a nan ne cinikin da ya gina gari ya bunƙasa ya kuma durƙushe cikin abin da bai wuce rayuwar mutum ɗaya ba. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, jarin farko na ɗan kasuwar wannan yanki amana ce kafin kuɗi, babban burinsa kuwa shi ne ya tashi daga zama yaron wani ya zama maigida mai jama'a. Shaidar wannan tana cikin tarihi, tana kuma cikin kalmomin da ake ciniki da su.

2.0 Yankin Kafin Zuwan Jirgi

Tun cikin ƙarni na 17 sunan Nguru yake haɗe da sarautar Galadiman Borno, wanda shi ne mai kula da yammacin daular, inda ta yi iyaka da ƙasar Hausa. Mazauna arewacin yankin Mangawa ne, masu magana da wani karin harshen Kanuri, yayin da Badawa ke zaune a kudu da gabas, a cikin fadamun da kogunan Haɗeja da Jama'are suka shimfiɗa kafin su haɗu su zama Kogin Yobe. Jihadin farkon ƙarni na 19, wanda ya kai ga faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, ya raunana ikon Galadima. A cikin wannan ƙarni ne Badawa suka haɗa kansu a ƙarƙashin Lawan Babuje, suka gina birnin Gogaram mai ganuwa don kare kansu daga hare-haren maƙwabta.

Arzikin ƙasar Manga a wancan zamani yana cikin ƙasa ne, wato manda da kanwa. Kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri, da rani ake tace ƙasar tafkuna a dafa ruwan a samu manda, a kuma kankare farar kanwa da jar kanwa, sannan fatake su yi lodi a kan jakuna da takarkarai su nufi Kano da Nufe da ƙasar Yarabawa. Badawa kuwa suna da kifi da hatsi da za su bayar. Ke nan yankin bai jira Turawa ba kafin ya san fatauci.

Tsarin ayari na wancan lokaci ya cancanci a lura da shi, domin shi ne makarantar da aka koyi tunanin da ake magana a kai. Akwai madugu, wanda ke yanke shawarar hanya da biyan fito da garama, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki, akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a. Yaro kan shiga ayari yana korar jakin wani, a ba shi damar ɗora ɗan ƙunshinsa a kan kayan maigidansa. Ribar wannan ƙunshi ita ce uwar kuɗinsa ta farko. Haka kuma manyan ƙungiyoyin fataken goro da Lovejoy (1980) ya yi nazari a kansu, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, duk baƙi ne a inda suka zauna. Biyun farko asalinsu na komawa ga Bugaje, na ukun kuwa daga Borno suka fito suka zauna a Gummi. Mutanen da ba su gaji sarauta ko babbar gona a wurin ba, sai suka nemi daraja ta hanyar fatauci.

3.0 Abin da Kalmomi Suka Adana

Kalmar da Bahaushe ya fi amfani da ita ga fita kasuwanci ita ce nema. Akan ce wane ya tafi nema, ko yana neman halaliyarsa, ko yana neman rufin asiri. Wannan furuci na ƙarshe yana nuna matakin farko na buri, wato mutum ya ci da iyalinsa, ya yi suturar salla, ya yi hidimar suna da aure ba tare da ya miƙa hannu ga wani ba. Kunyar roƙo da tsoron a kira mutum cima-zaune suna daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da saurayi daga ƙauye da zarar an gama girbi, ya tafi cin rani. Karin maganar da ke cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, da mai cewa mai nema yana tare da samu, duk wannan aƙida suke ƙarfafawa.

Abin da ake nema ɗin kuwa shi ne arziki, kalmar da ta samo asali daga Larabci, inda take nufin rabon da Allah ya yanka wa bawa. Polly Hill, a nazarinta na ƙauyen Ɓatagarawa (1972), ta lura cewa arziki a wurin Bahaushe ya haɗa dukiya da sa'a da baiwar sarrafa al'amura, kuma yana iya zuwa yana iya tafiya. Wasu manazarta na waje sun ɗauki irin wannan imani a matsayin abin da ke kashe zuciya. Amma idan aka duba yadda ake amfani da shi a kasuwa, za a ga aikinsa dabam ne. Yana ba mutum ƙarfin halin shiga abin da bai san ƙarshensa ba, kuma idan ya karye, yana ba shi hanyar tashi ba tare da ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya ƙare ba. Wanda ya ce mai arziki ko a Kwara ya sayar da ruwa, shi ne kuma ke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Sauran kalmomin ciniki sun jeru ne hawa-hawa bisa tarihin shigowarsu. Joseph Greenberg (1960) ya nuna cewa kalmar kasuwa ta shigo Hausa ne ta hannun Kanuri, abin da ke nuna daga wace fuska tsarin kasuwa ya fara ƙarfi. Daga Larabci aka samu attajiri da dillali da la'ada da amana da lamuni da riba. Daga Ingilishi, bayan zuwan Turawa, aka samu kamfani da kanti da sikeli da tireda da lasin da fam da sule. Abin lura a nan shi ne, kalmomin da Ingilishi ya kawo na kayan aiki ne da na kuɗi, amma kalmomin da suka shafi dangantakar mutum da mutum a ciniki sun riga su zama da daɗewa, kuma ba su gushe ba. Har ila yau, rubutun boko ya haɗe kalmomi biyu a sura ɗaya: riba mai dogon wasali a gaɓar farko, wadda ita ce halattaccen ƙarin da ciniki ke kawowa, da riba mai gajeren wasali, wadda ita ce kuɗin ruwa da shari'a ta haramta. Ɗan kasuwa Musulmi yana gudanar da rayuwarsa ne a tsakanin waɗannan kalmomi biyu.

4.0 Jirgi Ya Iso Nguru

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jigilar kaya a 1912. Turawan mulki da masu masaƙun Ingila auduga suke fatan jirgin zai kwaso. Jan Hogendorn (1978) ya bayyana yadda al'amarin ya juya: manoma suka ga gyaɗa ta fi biya, tana kuma ciyuwa in an shiga yunwa, fataken goro na Kano kuma, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata, suka baza yaransu cikin ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913.

Rayuwar Alhassan Ɗantata ta isa misali. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya yi almajiranci, yaƙin basasar Kano ya rutsa da shi, ya tafi Gwanja da Ankara, ya kuma kasance cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bin doguwar hanyar ƙasa. Da gyaɗa ta zo, sai ya juya jama'arsa da amincin da ya tara a goro zuwa gare ta. A 1929, da aka buɗe bankin Turawa a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20, kuma lokacin rasuwarsa a 1955 ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Darasin da 'yan baya suka ɗauka daga gare shi shi ne, kaya na iya sauyawa, abin riƙewa shi ne mutane da suna.

Wannan salo ne ya bi reshen layin dogo da aka ja daga Kano ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230. Kasancewar Nguru ƙarshen layi ya sa ta zama ƙofar da kayan Borno da na kudu maso gabashin Nijar ke bi zuwa teku har tsawon fiye da shekara 30. Gyaɗa da auduga da ƙaro da fatu da ƙiraga da kanwa da bandar kifi da busasshen nama da shanu a tsaye, duk a nan suke taruwa. Hausawa daga Kano da Haɗeja da Gumel, da Barebari, da Yarabawa, da Ibo, da Kwarori, suka sauka a gefen tasha.

Sai dai jirgin ya iso ne a daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas. A 1929 kuma manyan kamfanonin Turawa biyu suka haɗe suka zama UAC, abin da ya rage gasa a wajen saye. Saboda haka waɗanda suka fara kafa kansu a Nguru sun fara ne da riba ƙanƙanuwa, a ƙarƙashin kamfanonin da su ke yanke farashi, su ke kuma riƙe da hanyar fitar da kaya. Wanda ya tsira a irin wannan hali shi ne mai haƙurin tara kwabo kan kwabo, mai kuma haɗa kaya biyu ko uku, ya sayi gyaɗa da kaka, ya koma fata da ƙaro da rani, ya dawo daga Kano da atamfa da gishiri da kananzir.

5.0 Amana a Matsayin Jari

Cinikin gyaɗa ya tsaya ne a kan tsani na bashi. Kamfani ya ba babban wakili kuɗi, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su kuma su ba 'yan baranda da masu awo a kasuwannin ƙauye, har abin ya kai ga manomi. Mafi yawan wannan kuɗi yana tafiya ne ba takarda ba shaida ta kotu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe ikon sayen amfanin gona, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Wannan ya kawo tsayayyen farashi da lasin ɗin saye, kuma daga shekarun 1950 'yan ƙasa suka riƙa samun lasin da yawa. Amma ko a wannan tsari, mai lasin ba ya iya cika adadin da ake bukata sai da yaran da zai danƙa wa kuɗi su shiga daji su dawo.

A nan ne ake gane dalilin da ya sa saurayi marar ko anini ke iya fara kasuwanci. Abin da yake kaiwa gaban maigida shi ne sunan gidansu, da shaidar malaminsa, da shekarun da ya yi yana hidima ba a kama shi da ha'inci ba. Akan fara gwada shi da ɗan abu kaɗan, in ya dawo da lissafi daidai a ƙara masa. Fiƙihun Malikiyya, wanda almajirai ke karantawa a littafin Risala, ya tanadi babin ƙiradi, wato mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, su raba riba bisa yarjejeniya, hasarar da ba ta sakaci ba kuma ta hau kan jarin. Ke nan al'ada da shari'a sun haɗu wajen buɗe ƙofa ga wanda ba shi da komai sai gaskiyarsa. A. H. M. Kirk-Greene (1974), da yake jera siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sa gaskiya da amana a sahun gaba. A kasuwa waɗannan siffofi suna da farashi, domin su ke yanke yawan kayan da za a ba mutum lamuni.

Shanun da ake lodi a Nguru zuwa kudu sun ƙara fito da wannan a fili. Abner Cohen (1969), a nazarinsa na unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa ana sayar wa mahauta shanu ne bashi, maigidan da ya sauki falke shi ke tsayawa lamuni, in mahauci ya gudu shi zai biya. Mai shanu yana iya kasancewa a nisan ɗaruruwan kilomitoci, dukiyarsa tana hannun mutumin da ba ɗan'uwansa ba. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne harshe ɗaya, addini ɗaya, da saurin yaɗuwar labari. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka cin bashi ba abin kunya ba ne a kasuwa. Abin da ke kashe ɗan kasuwa shi ne a ce ya ci amana, domin labarin kan riga shi isa kowane zango.

6.0 Daga Yaro Zuwa Maigida

Idan rufin asiri ne matakin farko, to mene ne ke sa wanda ya riga ya samu ya ci gaba da faɗaɗawa? Emmanuel Grégoire (1986), a nazarinsa na Alhazan Maraɗi, ya ba da amsa da furucin da attajiran da kansu ke amfani da shi, wato arzikin mutane. Ana auna girman attajiri da yawan waɗanda ke ci a ƙarƙashinsa, da yawan yaran da ya yi wa aure ya ba su jari, da yawan baƙin da ke sauka a zaurensa. Kalmomin yaro da bara da maigida da ubangida, waɗanda asalinsu na cikin gida ne, su ne kuma kalmomin tsarin ma'aikata a kasuwanci. Mutum mai shekara 40 yana iya zama yaron wane, ba tare da wannan ya zama raini ba.

Wannan buri yana da hikima ta kasuwanci a cikinsa. Kowane yaro da aka sallama da jari ya zama sabon reshe a wani gari, mai kawo labarin farashi, mai karɓar kaya. Kyauta da zakka da gina masallaci da zuwa Makka, waɗanda mai kallo daga waje zai ɗauka kashe kuɗi ne kawai, suna ƙara wa mutum suna, sunan kuma yana jawo lamuni. Laƙabin Alhaji, musamman bayan da jirgin sama ya sauƙaƙa tafiya daga Kano a shekarun 1950, ya zama shaidar cewa nema ya yi albarka. Amma tsarin yana da nasa rauni. Dukiyar tana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, lissafinta yana cikin kansa, ranar da ya rasu kuma rabon gado kan wargaza jarin, yara su kama gabansu. Gidajen da suka wuce wannan siraɗi, kamar gidan Ɗantata, su ne waɗanda suka shigar da 'ya'ya cikin harkar tun da wuri, suka kuma rungumi rajistar kamfani da ajiye littafin lissafi. Ba banza ba aka ce arziki rigar ƙaya.

Bai kamata a manta da mata ba. Gyaɗar da ba ta hau jirgi ba tana shiga cikin gidaje, inda mata ke soya ta su matse mai su yi ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Polly Hill ta kira wannan ɓoyayyen ciniki, domin ba a ganinsa a rumfunan kasuwa alhali yana juya kuɗi mai yawa. Jarin mace kan fito daga sadaki ko gudummawar biki ko kwasar adashi, ribar kuma takan zama akuya ko tunkiya ko kwanonin jere. Babban abin da ke tura ta shi ne haɗa wa 'yarta kayan ɗaki da samun abin hannunta wanda ba na miji ba. A nan ma mutunci a idon jama'a ne ke jan ragamar nema.

7.0 Gashuwa, Katuzu da Harshen Kasuwa

Gogaram gari ne da aka gina don tsaro, a cikin fadama mai wuyar shiga da damina. Da zaman lafiya ya samu, jirgi kuma ya tsaya a Nguru, sai abin da ya zama kariya a da ya koma cikas. A tsakiyar shekarun 1940, zamanin Mai Umar Sulaiman, aka mayar da hedikwatar masarautar Bade zuwa Gashuwa, a bakin Kogin Yobe, a kan hanyar motar da ta haɗa Nguru da Gaidam. Wannan ƙaura ita kanta shawara ce irin ta ɗan kasuwa, wato a bi hanya inda ta koma. Gashuwa ta zama matattarar kifi da shinkafa da gyaɗa da dabbobi, baƙi suka cika ta, garin ya faɗaɗa har ya haɗe da Katuzu.

Ga Badawan Katuzu da ƙauyukan kewaye, shiga kasuwanci ya zo da wani sharaɗi da ba a rubuta ba, wato harshe. Russell Schuh, wanda ya daɗe yana nazarin harsunan Bade da Ngizim, ya nuna cewa tsofaffin kalmomin aro a waɗannan harsuna daga Kanuri suke, saboda ɗaruruwan shekaru na tasirin Borno, amma a ƙarni na 20 Hausa ta karɓe wannan matsayi. Dalilin a bayyane yake. Mai sikeli da Hausa yake magana, direban mota haka, maigidan da zai ba da jari haka, dillalin Kano ko na Ibadan haka. Masunci ko manomin da ke son ya wuce sayar da abin da ya kama ko ya noma, ya zama mai saye daga wasu, dole ya shiga wannan zare na amana, zaren kuwa da Hausa aka saƙa shi. Haka abin ya kasance ga Mangawan Nguru.

Wannan ya buɗe ƙofar arziki ga mutane da yawa, amma yana da tsada. Harshen da aka bari a gida, ba a ciniki da shi, ba a karatu da shi, yakan raunana a bakin yaran birni. Aikin ƙamusun Bade na karin Gashuwa da na karin yamma, waɗanda aka buga a 2004 a ƙarƙashin shirin binciken harsunan Yobe da Schuh ya jagoranta tare da masana 'yan ƙasa, ya zo ne a daidai lokacin da ake ganin wannan rauni. Ga masu nazarin harshe, kasuwar Gashuwa fili ne na ganin yadda neman abinci ke sauya harshen al'umma ba tare da doka ko tilas ba.

8.0 Da Kiɗa Ya Sauya

Jarrabawar wannan tunani ta zo ne a jere. A 1964 layin dogo ya isa Maiduguri ta Bauchi da Gombe, Nguru ta daina zama ƙofa ɗaya tilo ta Borno. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka kwashe 'yan kasuwar kudu maso gabas na wani lokaci. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da amfanin gona, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya janye hankalin hukuma daga noma. Dalar gyaɗa ta ɓace a Kano da Malam Madori, harkar jirgin ƙasa ta yi ta ja da baya, manyan motoci suka karɓe jigila. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Ta fuskar ruwa kuma, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa.

Duk da haka kasuwanci bai mutu a yankin ba, sai dai ya sauya kaya. Waɗanda suka tara a gyaɗa suka koma sufuri da hatsi da dabbobi da man fetur da kwangila. Da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, manoman fadama suka sayi ƙananan injinan ban-ruwa suka shiga nomanta, da aka ɗage hanin kuma suka ƙarfafa a shinkafa da albasa da tattasai. Ƙaro da riɗi suka samu masu saye daga ƙasashen waje. Ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 da kafa jami'ar tarayya a Gashuwa a 2013 sun kawo ma'aikata da ɗalibai, wato sababbin masu saye. Rikicin tayar da ƙayar baya da ya addabi arewa maso gabas daga 2009, da rufe iyakokin ƙasa daga 2019 zuwa 2020, da ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, kowannensu ya girgiza kasuwa. A lokacin ƙarancin kuɗin nan, abin da ya riƙe ciniki a wurare da dama shi ne tsohon abu, wato ba da kaya lamuni ga wanda aka sani. Wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun gajarta tafiya, amma wanda ke loda buhunan albasa a Gashuwa zuwa kudu har yanzu yana dogara ne da maganar mutumin da zai karɓa a can.

9.0 Kammalawa

An ga yadda yankin Nguru da Gashuwa ya ratsa zamanin manda da kanwa, da zamanin gyaɗa da jirgi, da zamanin mota da injin ban-ruwa. A kowane zamani kaya da hanya sun sauya, amma abin da ke tayar da mutum nema, da abin da ake karɓa daga gare shi a madadin jari, da matsayin da yake hange, ba su yi nisa da juna ba. Yana farawa don rufin asiri, yana girma da amana, yana kuma auna nasararsa da yawan mutanen da suka tsaya da ƙafafunsu ta dalilinsa. Raunin tsarin, wato dogaro da mutum ɗaya da rashin rubutaccen lissafi, shi ma ya biyo shi har yau, kuma duk wani shirin tallafa wa masu ƙananan sana'o'i da ya ɗauka cewa kuɗi kaɗai ne abin da ya rage, bai karanci wannan tarihi ba.

Akwai aiki a gaban masu nazarin harshe. Kalmomin awo da na lamuni da na dillanci a Hausar Nguru da Gashuwa, da takwarorinsu a Manga da Bade, suna bakin dattawan da suka yi zamanin sikeli da tasha, kuma adadinsu raguwa yake yi kowace shekara. Tattara waɗannan kalmomi, tare da kirarin 'yan kasuwa da karin maganarsu, zai adana wani ɓangare na tarihin tattalin arziki wanda takardun kamfanoni da na hukuma ba su rubuta ba.